Hantar da Ba Ajimi Ya Ƙara

A unguwar Limanti, in aka ce Ba Ajimi, ba sai an ƙara da mai zanen hula ba. Shi ba ya ɗinki. Aikinsa ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan katako, ya tsoma alƙalamin kara a ruwan shuni, ya fitar da zanen da masu allura za su bi. Doka ɗaya ya gada wurin ubansa: in an ninke ƙyallen biyu, dole abin da ke dama ya hau kan na hagu cif. Mutum ne mai sanyin hali, amma ka nuna masa hula mai karkataccen zane, to ranar nan wuni zai yi yana tsaki.

'Ya ɗaya gare shi, Aisa, kuma ya sa ta boko duk da surutun maƙwabta. A shekarar 1961 tana aji bakwai, cikin yara goma sha huɗu da za su zauna jarrabawar shiga makarantar horar da ma'aikatan asibiti. Ita ungozoma take so ta zama. Jarrabawar kuwa sau ɗaya ake yi wa yaro, wanda ya faɗi sai gida.

Malaminsu na kiwon lafiya shi ne Malam Pindar, wani siririn mutumin Biu mai saurin tafiya. Littafi ɗaya tak gare shi, hoton kayan cikin mutum da ke ciki kuma bai fi tafin hannu ba. Wata ranar Asabar ya zo rumfar Ajimi da littafin da yadi biyu na alawayyo.

"Ba Ajimi, so nake ka fitar mini da wannan babba, yadda na ƙarshen aji zai gani."

"Malam, ni ba na zana mutum."

"Babu fuska, babu ido. Kayan ciki ne kawai. Kuma Aisa na cikin masu kallo."

Wannan ta ƙarshe ita ta shawo kansa. Ya karɓa.

Kwana tara ya yi a kai. Huhu biyu suka zauna lafiya, ƙoda biyu ma haka. Da ya zo kan hanta sai hannunsa ya tsaya. Ga ta ƙatuwa ta kwanta gefe guda, ɗaya gefen ba 'yar'uwarta. Ba wai bai taɓa ganin cikin rago ba, kowace layya yana gani. Amma rago ai dabba ne. Ɗan Adam da Allah ya ba ido biyu, kunne biyu, hannu biyu, a ce an bar masa ciki a karkace? Ya yanke a ransa cewa masu buga littafin ne suka yi ganda. Sai ya taimake su, ya matsar da tumbi ƙasa, ya zana hanta ta biyu, ja wur, mai kyau kamar ta farkon.

Rashin sa'a, kafin ya gama an tura Malam Pindar kwas Zariya na wata uku. Hedimasta ya karɓi ƙyallen, ya yaba kala, ya sa aka rataye. Malamin lissafi da aka ba riƙon ajin ya riƙa nuni da sanda, yara suna maimaitawa. Ajimi kuwa har zagayawa yake ta bayan makarantar don ya hango aikinsa ta taga, yana jin daɗi.

Malam Pindar yana da wata al'ada. Ba ya yarda da hoto don ya yi kyau. Sai ya rufe shi, ya raba wa yara takarda, ya ce kowa ya zana abin da ya rage masa a ka. Ranar da ya dawo, tun daga ƙofa ya ga ɓarnar, amma ya yi gwajin don ya san zurfinta. Takarda goma sha huɗu, hanta ashirin da takwas. Ta Aisa ta fi ta kowa tsafta. Saura mako uku jarrabawa.

Da la'asar ya iske Ajimi a rumfa, ya ajiye takardun a gabansa.

"Ba Ajimi, hanta ɗaya ce."

"A littafinku."

"A jikinka ma. Ɗaga hannunka, don Allah."

Pindar ya ɗora yatsa a ƙasan haƙarƙarin dattijon na dama, ya ƙwanƙwasa da ɗaya hannun. Ƙarar ta fito a toshe, kamar an bugi buhun gero. Ya koma hagu ya buga, sai ta fito fayau, irin ta ƙwaryar da ba komai. Ajimi ya ture hannun malamin ya gwada da kansa, dama, hagu, dama, hagu. Sannan ya ɗauki takardar 'yarsa ya daɗe yana kallo. Kunya ta kama shi, tsoro kuma ya fi kunyar yawa.

"Malam, ashe ni na koya mata ƙarya."

"Hannunka ne ya fi na masu littafin kyau, shi ya sa ta zauna musu. Yanzu sai mu cire ta."

Cirewar ce aiki. Cikin kwana uku Ajimi ya zana sabo, daidai da littafi, yana yi yana cije leɓe. Aka rataye mako guda, Pindar ya rufe ya sake gwaji. Shida suka sake zana biyu. Sauran takwas sun zana ɗaya, amma da ya ce kowa ya nuna tasa a jikinsa, biyar suka dafa hagu, domin mutumin ƙyallen yana fuskantarsu ne, damansa tana hagunsu. Aisa na cikin masu dafa hagu.

Ajimi ya koma gida bai ci tuwo ba. Shi dai bai san ilimin boko ba, amma ya san zanen hula ba ya nuna gaskiyarsa sai an ɗora a kai. Washegari ya sa tela ya ɗinka masa 'yar shara fara, ya sa ta a jikinsa, ya ƙwanƙwasa, inda ƙarar ta toshe ya ɗiga shuni. A kan ɗigon nan ya zana hanta, sauran kayan suka bi.

Ranar Litinin sai ga dattijo mai furfura ya shigo aji sanye da huhu da hanji a waje. Yara suka tuntsire da dariya, Aisa ta sunkuyar da kai. Ya bari suka gama.

"'Ya'yana, hantar nan ta biyu ba Allah ya yi ta ba, ni na yi ta, don ta yi mini kyau a ido. Ku yafe mini. Yanzu ku taso ku tsaya bayana."

Ya juya musu baya yadda damansa ta zama damansu, ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa, su ma suka ƙwanƙwasa nasu. Daga nan rigar ta zagaya, kowa ya sa ya ji ta a jikinsa. Gwajin ƙarshe, goma sha uku suka ci. Pindar ya so a ƙara mako, amma babu makon.

Sakamako ya fito bayan wata biyu. Tara suka samu shiga, har da Aisa. Mata suka cika gidan da guɗa, Ajimi kuwa ya sa takalmi ya nufi gidan Malam Pindar.

"Biyar ɗin da suka faɗi fa, Malam?"

"Lissafi ne ya kayar da yawancinsu, Ba Ajimi."

"Yawancinsu," in ji Ajimi.

Ba a dawowa da takardun jarrabawa, don haka Pindar ma bai sani ba.

Ajimi ya ƙara shekara bakwai yana yi wa makarantar zane, sauro da ƙuda da tsiron gero, kuma bai taɓa yarda a rataye ko ɗaya ba sai an rufe an gwada yara a gabansa. Ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, Umara, ya zama mai ɗaure kwandunan banda a kasuwar kifi ta hanyar Baga. Duk sanda Ajimi ya bi ta wurin, shi yake fara gaida Umara, har ya ɗan rusuna. Umara yakan rasa inda zai sa kansa, don bai taɓa sanin dalili ba.