Luguden Kaka a Faifan Dogo

A gidanmu na Woodbridge, a Amurka, akwai murhun gas a falo, irin wanda ake kunnawa da maɓalli. Ina shekara tara Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga Zariya ta zauna da mu. Bayan Magariba takan miƙe ƙafafunta gaban wutar, ta yi mitar cewa ba ta ƙamshin itace, sannan ta ba mu tatsuniya, ni da yayana Sadik.

Labari ɗaya ya fita daban. Tana amarya kakanmu ya zo karatu Washington da ita, ta taho da ɗan turminta cikin akwati. Wata rana tana daka kewar gida ta kama ta, sai ta shiga lugude ita kaɗai: ta cilla taɓarya, ta tafa, ta cafe. Can sai ga maƙwabcinsu na ƙasa yana buga ƙofa, wani mawaƙi baƙar fata da take kira Dogo, don sunansa ya ƙi zama a bakinta. Ta zaci faɗa ya kawo. Ashe roƙo ya zo yi, yana son wannan bugun a sabon faifansa. Kakanmu ya yarda, da sharaɗin kada a rubuta sunanta.

"Ana cikin ɗauka taɓaryar ta bugi abin maganarsu," in ji Kaka. "Na ce wayyo, na fashe da dariya. Dogo ya ce kada a goge."

Faifan bai sayu ba, kuma shi ne na ƙarshensa. Kwalayen faifan suka cika masa ɗaki har ya ɗora katifa a kansu, daga baya ya koma tuƙin bas. Kwafin da ya ba Kaka, zafin Zariya ya lanƙwasa shi. Ta ce a bangon faifan akwai hoton Dogo yana zaune kan kujera ruwan ɗorawa, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Ranar da Baba ya tarar tana ba mu, ya yi dariya ya ce, "Inna, tun muna yara muke jin wannan. Gizo kawai ya rage ki sa." Sadik ya taya shi da Turanci. Kaka ta ce wa Sadik, "Angona, har da kai?" Ita ma ta yi dariya, amma na ga ta janye ƙafafunta daga wutar. Ba ta sake ba da labarin ba.

Ni kuwa na san wani abu. Kowace tatsuniya sai ta jira mun amsa kafin ta fara, a ƙarshe ta rufe da ƙurunƙus. Labarin Dogo bai taɓa samun ko ɗaya ba. Na so in faɗa, kunya ta hana ni.

Sai na fara bin Mama shagon tsofaffin kaya a Annandale ranar Asabar. Tana duba labule, ni ina tsugune ina juya faifai ɗaya bayan ɗaya. Sanyi ya kusa ƙarewa na ga kujerar a bangon wani faifai. Na duba ƙafarsa: safa kawai. Ranar nan, duk da kunyata, da bakina na ce wa Mama ta saya, har ta waiwayo ta ga wa ya yi magana.

Baba ya aro garmaho wajen maƙwabcinmu. Waƙa ta ɗaya, ta biyu, babu komai sai ƙaho da jita, Kaka na kallon wuta kamar ba da ita ake ba. A ta huɗu sai ga turmi, ga tafi. Sai wani ƙwal, wata siririyar murya ta ce wayyo ta tuntsire da dariya.

Baba ya cire tabarau ya zauna a ƙasa. Kaka ta miƙe ƙafafunta ta ce, "To, a sa Gizon?" Ta juyo gare ni. "Ƙawata, maimaita mana."

Yanzu ina aji goma, Kaka ta koma Zariya, faifan yana ɗakina. Nakan tuna Dogo bisa kwalayensa, yana ganin aikinsa bai je ko'ina ba. Da ya goge kuskuren nan don waƙar ta fita tsaf, da har yau Baba yana yi wa mahaifiyarsa dariya.