Gidan da Tartsatsi Ya Saya Saboda Get

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana koyon aiki. Kowa Tartsatsi yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Shekara ashirin da shida yana walda a rumfa ɗaya a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da katako. Gajere ne, bayan hannunsa duk tabon ƙuna, rigunansa kuwa babu wadda ba ta da ƙananan huji kamar ɓera ya ɗanɗana. Idan ka kawo masa aiki kana zuba bayani, zai bari ka gama, sannan ya ɗauki ƙarfen ya ƙwanƙwasa da guduma ya saurara. Abin da ƙarfe ya faɗa masa, da shi yake aiki.

Rabin get-get na gidajen hayar wannan gefen gari daga hannunsa suka fito. Shi kansa ɗaki biyu yake haya, da mata da yara huɗu, a gidan da get ɗinsa ba ya rufuwa sai an tallafe shi da kafaɗa.

Idanunsa ne suka tayar da maganar. Da farko da safe suke yi masa kamar an watsa yashi. Daga baya ya lura in ya ɗaga baƙin gilashi sai ya jira kafin ya ga layin da ya ja da alli. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce masa wutar walda ta ci rabonta, in ya ci gaba a haka shekara biyu ko uku zai nemi mai yi masa jagora.

Tun daga ranar zama ya gagare shi. Zai kunna inji ya kashe, ya fita bakin titi ya tsaya, ya dawo. A ƙarshe ya sayar da babban injinsa mai janareta, wanda yake ɗauka zuwa wuraren gini, ya haɗa da duk abin da ya tara, ya ce gidan haya zai saya.

"Baban yara," in ji matarsa, "muna haya za ka sayi gida ka zuba waɗansu? Mu ba mutane ba ne?"

"In mun tare a ciki, ranar da idon ya rufe bangon za mu ci?"

Ta dai ajiye masa kwanon abinci da ƙarfi.

Wata uku yana bayan babur ɗin wani dillali, dogon mutum mai waya biyu da bakin da ba ya hutawa. Gidan farko na magada ne, biyu suna son sayarwa, na ukun ya fito da taɓarya. Wani gidan sunan da ke takarda daban, mutumin da ke miƙa hannu daban, aka ce ai ƙanin mai shi ne, mai shin yana tafiya. Akwai wanda Tartsatsi ya so ƙwarai, sai dai 'yan hayar ciki sun jera a tsakar gida suna kallonsa, wani tsoho ya ce masa masu gida uku suka binne a nan. A rumfa kuwa aiki ya taru, masu tagogi suna zuwa suna komawa, mai faci ya gaji da ba su haƙuri.

Sai wata ranar dillali ya gangara da shi wani layi mai gangare, ya tsaya a ƙofar wani gida mai ɗaki huɗu, an yi masa sabon fenti ruwan ƙwai.

"Wannan, Oga, ko a mafarki ba ka..."

Tartsatsi bai ji sauran ba. Ya riga ya ɗora hannu a kan get. Ya bi ɗinkin waldar da yatsa, sumul, a jere kamar ƙayar kifi. Ya zura hannu bayan sakata, ya taɓo ɗigo uku da yake yi wa duk get ɗin da ya ƙera.

"Aikina ne wannan," ya ce.

"Ma sha Allah!" in ji dillali.

Ya tuna mai aikin sarai. Wani dattijo ne mai fansho, wanda ya zauna masa a rumfa kwana uku yana auna kaurin ƙarfe, ya hana shi sakat, sannan ya kawo mota ya kwashi get ɗin, ya ce maginansa za su kafa. Mutum irin wannan ba ya gina gidan banza. Tartsatsi ya zagaya ɗakunan sama-sama, amma cinikin a bakin get ya ƙare.

Da ya kawo matarsa ta gani, tana shiga ɗakin gaba ta ja hanci.

"Nan yana warin tsumman da bai bushe ba."

"Fenti ne."

"To me ya sa duk maƙwabta suka ɗaga dokin ƙofarsu har gwiwa, ban da nan?"

"Ke, ra'ayinsu ne. Ni na san hannuna."

Takardu suka fito lafiya, lauya ya duba ya sa hannu, aka biya. Kafin sati ya zagayo wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta ga ɗakuna biyun gaba, ta ce za ta tare da mahaifiyarta ƙarshen wata. Tartsatsi ya fara cin abinci a zaune.

Ruwan farko da rana ya sauko. Yana rumfa ya tuna da gidan, ya jefar da abin da ke hannunsa ya tafi a ƙafa. Duk ruwan unguwar sama ta wannan layin yake bi, kuma da ya zo ƙofar gidan sai ya karkata ya shige kamar an gayyace shi. A tsakar gida ya kai masa ƙwauri. A ɗakunan gaba takalmin wani yana yawo, Allah kaɗai ya san na wane ne.

Wata tsohuwa mai sayar da gawayi a gidan da ke kallon nasa ta leƙo, buhu a kanta.

"Kai ne sabon mai gidan? Sannu, ɗana. Ai duk shekara haka yake. Da ka tambaye ni da na faɗa maka kyauta."

"Dattijon da ya gina shi..."

"Wane dattijo? Wani ɗan kwangila ne ya ɗora shi cikin wata biyu. Get ɗin ma bana aka kawo, daga gidan da aka rushe can sama da za a faɗaɗa titi."

Ya tsuguna cikin ruwan, ya lalubi inda aka haɗa get ɗin da ginshiƙi. Waldar wurin curi-curi take kamar kashin awaki, an shafe ta da baƙin fenti. Da idonsa na da ne, daga tsallaken layi zai hango ta.

Da Tartsatsi ya tunkari dillali da maganar, mutumin ko kunya bai ji ba.

"Oga, na taɓa ce maka get ɗin da gidan tare aka haife su? Kai ka shafa ka ce naka ne, na ce ma sha Allah. Ƙarya na yi?" Ya rage murya. "Abin ba wuya. Ka bari bango ya sha iska, ka mayar da fenti, ka karɓi hayar shekara a hannun yarinyar nan. In ta shigo ta shigo. Haka kowa yake yi."

Kuma Tartsatsi ya sayi fentin. Gwangwani biyu, suka kwana uku a ƙarƙashin bencin rumfa. Yana aiki yana jin su a bayan ƙafarsa. Ya lalata tagar wani don ya yanke ƙarfe bai kai ba, abin da bai yi ba tun yana koyo. Babu babban inji, babu ajiya, kuma in ya rasa wannan 'yar haya bai san ranar da wata za ta zo ba.

Rana ta huɗu ya ɗauki gwangwanayen da buroshi ya tafi. Ya tsaya gaban bangon. Sabon fentin ya kumbura ya ɓare, layin danshi ya fito, a ƙarƙashinsa ga na bara, ga na bara waccan. Ya buɗe gwangwani, ya juya da tsinke, ya tsoma buroshi. A aikinsa kaf bai taɓa shafa fenti a kan waldar da bai yarda da ita ba, ko da mai aikin yana tsaye yana gaggawa. Ya mayar da murfin ya buga da dunduniya, ya ciro waya.

Ma'aikaciyar jinyar ta zo da kayan aikinta a jiki. Ya kai ta bangon ya nuna da yatsa.

"Nan ruwa yake kaiwa. Ni ma yanzu na sani."

Ta daɗe tana kallo. "Baba, mamata ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Da ina wajen aiki ruwan nan ya shigo fa?"

"Shi ya sa na kira ki."

"To ni yanzu ba zan iya ba, gaskiya." Ta kai bakin get ta waiwayo. "Wa'adin hayata a inda nake zaune saura wata biyu. In ka gyara, aka yi ruwa uku bai shiga ba, ka neme ni."

Washegari ya rufe rumfa. Ya ari diga da shebur, ya haƙa magudana a gaban gidan har ta haɗu da babbar kwata a ƙasan layi. Ya ɗaga bakin ƙofa da bulo jere biyu. Ya tattara guntayen ƙarafan rumfarsa ya ƙera murfin magudanar, don kada yara su faɗa. Sannan ya yanke get ɗin daga ginshiƙi, ya goge kashin awakin nan tas, ya sake kafa shi sama kaɗan da hannunsa, yana tsayawa bayan kowane ɗinki har ganinsa ya dawo. Matarsa ce take kawo masa ruwan sha. Sau ɗaya kawai ta ce, "Ashe ra'ayin maƙwabta ne," ya yi kamar ƙarar inji ta hana shi ji.

Ruwan da ya biyo ya sami wata kafa ta gefen ginshiƙi ya tsiyayo. Ya toshe, ya ce wannan ba ya cikin lissafi, a sake daga farko. Daga nan ya zama mai gadin sama. Hadari na haɗuwa zai bar aiki ya gangara, ya tsaya da leda a ka yana kallon ruwa yana dukan bulon yana juyawa. Mai gawayi tana ce masa, "Ɗana, ka shigo daga ciki, ruwan zai wuce ko ba ka kalle shi ba."

Bayan na uku, wanda ya fi duka ƙarfi, ya shiga ɗakunan gaba ya bi ƙasan bangon da tafin hannu, kusurwa-kusurwa, tun da ido ya riga ya yaudare shi sau ɗaya. A bushe. Ya kira ma'aikaciyar jinyar.

Ta tare da mahaifiyarta ranar Asabar. Ɗakuna biyun baya har yanzu babu kowa, don labarin gidan ya daɗe a bakin mutane. Da suka gama taya su shigar da kaya, matarsa ta ce, "To, baban yara, yanzu sai ka zauna ka huta ko?"

Ya ɗaga kai yana ƙanƙance ido wajen kwanon rufin ɗakin baya.

"Duba mini can," ya ce. "Tsatsa ce, ko idona ne?"