Kunnen Saniyar Jaji

Duk wanda ya taɓa bin bayan amalanken jaki daga Maijirgi zuwa Tasawa ya ga aikin Na Allah, Allah ya jiƙansa. Shi ke zana zaki da tsuntsu a katakon baya, shi ke rubuta allunan masu aski da masu tsire. Shekara talatin ya yi a inuwar dogon yaro a bakin tasha, gwangwanayen fenti kewaye da shi. Zakinsa bai taɓa kama da zaki ba, kuma shi ke fara faɗa. "Kare ne ya ƙoshi," in ji shi. Amma komai ƙanƙantar aiki sai ya sa sunansa a kusurwar ƙasa, kuma abin da hannunsa bai yi ba, ba ya sa masa suna.

Daura da shi rumfar Sama'ila take, mai cajin salula, amininsa tun lakwal, wato makarantar boko, inda aka sallame su rana ɗaya. Sama'ila dai har gobe yana ganin yana jin Faransanci.

Bara hannun Na Allah ya soma rawa. Layi ya daina miƙewa, masu amalanke suka koma wani wurin. Wata huɗu bai rubuta sunansa a jikin komai ba, kuma wannan ya fi ciwon cin ransa.

Ana nan sai Jaji, wani Bafillace daga Korgom, ya zo. Matarsa Kadijatu za ta buɗe rumfar fura da nono, yana son a zana masa jar saniyar da babansa ya ba shi yana yaro, wadda ta daɗe da mutuwa, ba ta bar hoto ba. Na Allah ya ɓoye hannunsa cikin riga.

Sai Sama'ila, uban iyawa, ya zaro salula. "Tsoho, huta. Akwai abin da ƴan lakwal ke kira IA, wata na'ura mai basira a cikin salula. Gaya mata kawai ake, ta zana."

Ya rubuta da Faransancinsa. Sai ga wata ƙatuwar saniya mai dabbare-dabbare, ba tozo ba ƙaho, tsaye cikin furanni.

Jaji ya duba. "Wagga ta ina ce? Ko Maraɗi ba ta taɓa zuwa ba."

"Faransancin Sama'ila ne ya haife ta," in ji Na Allah.

Daga nan ya karɓi maganar. Ya zaunar da Jaji yana tambaya: ina ƙahon ya karkata, yaya leɓar wuya take, in ta tsaya wace ƙafa take gabatarwa? Jaji na faɗi, shi yana tacewa, Sama'ila na dannawa yana gumi. Kwana uku suka yi. Rana ta uku Jaji ya kalli salular ya ce ita ce, saura abu ɗaya. Shanun gidansu duk suna da tsaga biyu a kunnen hagu, shaidar da suka gada. Saniyar da ba ta da ita, ta wani ce.

An gaya wa na'ura ya fi sau goma. Wani lokaci ta cire kunnen ɗungum, sau ɗaya ma ta maƙala masa ɗan kunne irin na amare.

Haka aka buga hoton a babbar leda, kunne lafiyayye. Sama'ila ya gyara murya ya ce ai sunan wanda ya danna ya kamata a sa.

"Kai ka danna, ni na yi surutu, Jaji ya yi kiwo, na'urar kuma ba ta taɓa shaƙar warin garke ba," in ji Na Allah. "Miƙo mini jan fenti."

Ya riƙe hannun dama da na hagu. Ya daɗe a duƙe, Sama'ila na danne masa ledar da gwiwa, yana kau da kai don kada ya ga yadda hannun ke yi. Tsaga biyu ya yi, ta biyun ta ɗan karkace. Jaji ya shafa wurin da yatsa tun fentin bai bushe ba, ya kira saniyar da sunanta.

Na Allah ya gangara kusurwar ƙasa, ya rubuta da haruffa masu rawa: "Kunnen hagu: Na Allah." Ya yi dariya har da tari. Ranar ya ci tuwo malmala biyu.

Bayan girbi ya rasu.

Hoton yana rataye a rumfar Kadijatu a Korgom. Masu shan fura kan karanta kusurwar su tambaya, to sauran saniyar fa, wa ya zana? Da can Sama'ila yakan buga ƙirji ya ce shi ne. Tun ranar da ya kama makarar amininsa, in an tambaye shi sai ya ce shi dai leda ya riƙe.