Baba Tukuna da Igiyar Shanya

Ƙarfe bakwai na safe za ka tarar da shi a ɗan ɗakinsa na ƙarshen baranda, ya goge tabarau da bakin riga, ya baje hotunan da jirgi ya ɗauko daga sama. Aikinsa ke nan shekara talatin da ɗaya a ofishin sojoji: ya duba hoto, ya gaya wa manya abin da ke ƙasa. Baba Tukuna muke ce masa, don ko shayi ka miƙa masa sai ya ce, "Tukuna dai." Ni ne akawun da ke rubuta abin da aka tattauna a ɗakin taro, saboda haka ganau ne ni.

Wata shekara 'yan ta'adda suka tare motar haya, suka kashe mutum tara, suka tafi da bakwai. Gari ya ɗau zafi, kowa na cewa a rama. Aka kawo hoton wasu bukkoki a bakin daji, wai maɓoyarsu ce. Jirgi a shirye, sa hannun Baba kawai ake jira.

"Ranka ya daɗe, tukuna," in ji shi.

Kwamanda ya daki tebur. "Mutane na binne 'yan'uwansu, kai kana ce mini tukuna?"

Baba ya ɗora yatsa kan hoton. "Dubi igiyar shanyar nan, yallaɓai. Wane ƙato ne zai shiga 'yan rigunan nan? Don kare jama'a muka shiga yaƙin nan. In mun saki bam a nan, wa muka kare?"

"In suka tsere, a bakin aikinka."

"Na yarda. A ba ni kwana biyu."

Da ƙyar kwamanda ya amince. Aka tura 'yan leƙen asiri a ƙafa. Ashe mata ne da yara da tsofaffi, waɗanda 'yan ta'addan suka koro daga ƙauyensu.

Kada wani ya ce Baba ragon maza ne. Bayan mako uku ya bi sawun babura a hoto har ya gano sansanin na gaske, kuma da bakinsa ya ce, "Yanzu kam, a tafi." Aka dawo da mutum shida a raye. Na bakwan bai dawo ba, har yau Baba yana masa addu'a.

Baba, jiya ka naɗe dardumarka, ka ɗau kofinka ka yi ritaya, ba lambar yabo, ba hoto a jarida. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Kai ne ka tsaya ka duba, ranar da fushi ya rufe wa kowa ido. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Ku da za ku gaji kujerarsa, ku koyi cewa tukuna, ko da ana dukan tebur. Masu 'yan rigunan nan yanzu wasunsu iyaye ne, suna shanya rigunan nasu 'ya'yan, kuma ko ɗaya bai san an taɓa jiran sa hannu a kansa ba.