Yadda Alhazai Suka Hau Saman Layin Injin Casa

Ina sayar da injinan ban-ruwa da kayan gyaransu a Birnin Kudu, kuma ina da injin casa guda ɗaya da nake bayarwa haya idan kaka ta yi. Injin ɗaya ne, masu nema kuwa daga Wurno har ƙauyukan Gwaram. Saboda haka tun farko na kafa doka: wanda ya riga zuwa ya ba da suna, shi ake fara yi wa. Akwai masu injin da ya fi nawa sabunta. Dokar nan ce kawai na fi su da ita, kuma na sani.

Shekaru ina rubuta layin a littafi. Da rufin shago ya yi yoyo ya jiƙa shi, sai na sayo tsohuwar kwamfuta ta tebur. Maƙwabcina ne ya koya mini ita, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin buga tafireta ya buɗe shagon buga takardu. Akawu muke ce masa. Ya nuna mini shafin nan mai gidaje-gidaje, na dinga zuba sunaye yadda nake kiran masu su: Alhaji wane, Malam wane, Inna wance.

Wata rana aka ɗauke wuta ina cikin rubutu, aikin yini ya tafi. Daga nan duk sanda na ƙara mutum ɗaya sai in ajiye sabon kwafi da sabon suna. Layi. Layi sabo. Layi na gaskiya. Layi na gaskiya sabo. Kafin ƙarshen damina hoton da ke fuskar kwamfutar ya ɓace a ƙarƙashinsu.

“Alhaji, wannan ba kwamfuta ba ce, juji ce,” in ji Akawu. “Fayil ɗaya ake buɗewa, a gyara, a ajiye a kansa. Haka masu hankali suke yi.”

Na karɓi shawarar.

Ana saura kwana biyu a fara casa, ina neman wani suna na kasa gani, sai idona ya faɗa kan wani maɓalli mai harafin A da Z da ’yar kibiya. Na danna. Nan take sunaye suka jeru tsaf, na ga wanda nake nema. Na ji daɗi ƙwarai. Na ajiye a kan fayil ɗin kamar mai hankali, na buga a takarda, na miƙa wa direban injin. Ban karanta ba, don ni na rubuta.

A rana ta huɗu da fara casa wata tsohuwa daga Fagam ta sauka daga babur a ƙofar shagona. Mijinta ya rasu, ita ke riƙe da fadamar shinkafarsu. Na tuna ta sarai, don ita ta fara ba da suna a shekarar, tun ana shuka.

“Sannu da zuwa, Inna. An gama miki?”

“An gama wa wa? Shinkafata tana tare a gona, shanu sun fara saukowa. Injinka kuwa yana Sara, daga gonar wannan Alhaji sai ta wancan. An ce bana sai wanda ya je Makka.”

“Wa ya ce?”

“Kowa. Ni dai na zo in ji ko akwai wani kuɗi da ake ƙarawa ne ba a faɗa mana ba.”

Na buɗe kwamfutar a gabanta. Alhazai tara a sama, reras. Sai masu Baba, sai Hajiya biyu, sannan Inna. Malamai suna can ƙasa, har da limamin da ya ba da suna na biyu. Ni kuma Alhaji ne. Ko ni aka nuna wa takardar nan ba zan yarda kuskure ba ne.

Na kira Akawu. Ya danna maɓallan nan biyu masu warware abin da aka yi, babu abin da ya motsa.

“Ka rufe bayan ka ajiye?”

“Yadda ka koya mini.”

“To ya tafi.” Ya dubi fuskar kwamfutar. “Sai dai ko a jujin nan naka.”

Kwafi sun fi arba’in, kuma kusan rabinsu na gaskiya ne bisa sunansu. Muka buɗe biyar, kowanne da nasa tsawon. Inna tana zaune a kan benci, ta ƙi taɓa ruwan da aka kawo mata. Can sai Akawu ya juya fayilolin suka koma jeri, kowanne da rana da lokacin da aka ajiye shi a gefensa. Ya danna kan wajen ranar, suka jeru daga na jiya-jiya zuwa na farko. Wato irin dannawar da ta jefa ni ita ce ta fito da ni. Muka buɗe na biyu daga sama. Ga layina yadda yake, Inna a lamba ta ɗaya, liman a ta biyu. Mutum uku ne kawai babu, waɗanda suka zo a ƙarshe, na mayar da su ƙarshe.

Na juya mata fuskar kwamfutar.

“Ban iya boko ba,” ta ce. “Injin zan gani.”

Na hau mota da kaina zuwa Sara. Na tarar an kafa injin a gonar Alhaji na huɗu, an tara masu aiki. A layi na gaskiya shi ne na talatin da ɗaya. Na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe.

“Wato kwamfuta ta san girma, kai ne ba ka sani ba.”

“Haka ne, Alhaji.”

Muka kwance injin. Bai sake nemana ba har yau, kuma babban manomi ne.

Washegari aka casa wa Inna. Shanu sun taɓa gefe ɗaya na tarin, ba da yawa ba, amma sun taɓa. Na buga layin na gaskiya na manna a ƙofar shago, na bar shi har rana ta cinye rubutun. Yanzu kowane suna da lambarsa a gefe, kuma na koma tara kwafi. Akawu ya daina magana a kai.

Da damina ta zagayo, Inna ce ta sake fara zuwa. Na rubuta ta a kwamfuta tana kallo. Ta ce in rubuta mata a takarda kuma, da biro, in sa hannu. Na rubuta. Ta naɗe ta ƙulle a bakin zane.