Wanda Yake Yanka wa Hilary Bunsuru

Lawal Mai Awaki ɗan ƙasar Dutsi ne. Mahaifinsa manomin gero ne, shi kuwa tun yana saurayi ya fi son dabba da fartanya, sai ya kama sayen awaki a ƙauyuka yana kaiwa kasuwar Mai'adua. Da ya auri Zubaida ya tare a Daura, a layinmu. Dogo ne, marar yawan magana, amma in ya saki barkwanci sai an kwana ana maimaita shi.

Gidan da ke kallon nasa na Hilary ne, ɗan ƙabilar Ibo mai shagon kayan gyaran babur. A Kirsimetinsa ta farko a layin, matarsa Chinyere ta soya nama ta aika gida-gida. Aka karɓa da godiya, amma a gidajen Musulmi ba wanda ya taɓa, domin ba Musulmi ne ya yanka ba. Lawal ya tsallaka ya sami Hilary.

"Oga, baɗi ka kira ni in yanka. Kai ka sami lada, mu mu sami nama."

Haka aka yi fiye da shekara talatin. Lawal ne ke zaɓo bunsurun, ya zo da wuƙarsa da safe, ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla. Kafin mu taso daga coci, domin ni ma Kirista ne, an feɗe. Zubaida ce ke haɗa yajin. Ban taɓa jin wani ya tambayi dalili ba.

Adaora, 'yar Hilary, a layin aka haife ta ranar Lahadi, shi ya sa Lawal ke ce mata Ladi. Bara ta dawo daga jami'a tana digiri na biyu a fannin cuɗanyar al'adu, ta ce a kan wannan yanka za ta rubuta kundinta. Ta zauna da Lawal a zaure, ya ba ta labari yana dariya. Amma malamin da ke duba aikinta ya ce hirar mutum ɗaya ba ta isa ba, sai ta tara ɓangarorin biyu su tattauna. Ta aro aji a wata firamare, ta sayo lemo, ta gayyace mu.

"Baba, me ya sa kake yi?" ta tambayi Lawal.

"Ladi, ni dai so nake nama ya zagaya layi."

Sai Izunna, wani saurayin cocin su Hilary, ya miƙe. "To mu yankanmu mushe ne ke nan? Sai an tsarkake mana?"

Musaddiq, ɗan wan Lawal, ya juyo. "Baffa, ashe kai ne limamin Kirsimeti ba mu sani ba?"

Aka yi dariya, amma ba irin wadda muka saba ba. Adaora ta yi ta cewa a dakata, a bi a hankali. Wani a baya ya riga ya ɗauki bidiyo da waya, ya yaɗa.

Kafin mako ya zagayo, a kasuwar dabbobi ana kiran Lawal Fasto. Da farko ya riƙa ramawa. Daga baya dillalan da suke cin tuwo tare suka fara matsawa gefe in ya zauna. Yayyensa suka aiko daga Dutsi cewa ya isa haka. Shi ma Hilary dattawan cocinsu sun kira shi, sun ce su ba su hana ba, amma ya duba yadda matasa ke ji. Na je wurin wasu daga kowane ɓangare na yi magana. Kowa ya ce shi ba shi da matsala, mutane ne.

Adaora ta je ta durƙusa a zauren Lawal.

"Baba, zan cire sunanka. Zan cire babin gaba ɗaya."

"Kada ki cire komai, 'yata. Gaskiya kika rubuta. Ki je ki ci jarrabawarki."

"To za ka zo bana?"

"Allah ya kai mu," ya ce.

Bunsurun dai ya zaɓo, ja mai ƙiba, ya aiko da shi. A jajibirin Kirsimeti ya hau babur ya tafi Dutsi, wai duba ɗan'uwa marar lafiya.

Da safe na tarar da Hilary tsaye riƙe da igiyar, yana kallon ƙofar gidan Lawal. Chinyere ta riga ta ɗora ruwa. Adaora na zaune a dakali, ta haɗa kai da gwiwa.

"Malam, ko kai za ka yanka mana?" ya ce da ni.

"Hilary, nawa yankan da naka ai duk ɗaya ne."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce wa matarsa ta sauke ruwan, ya ja bunsurun ya mayar da shi bayan gida.