Ni Na Rufe Wa Matan Zumunta Ƙofa

Abu na farko da na lura da shi ranar da muka fara zuwa cocinmu a garin Gaithersburg na Amurka shi ne kujerun na yara ne. Ɗakin koyar da yara na wata majami'ar Turawa aka ara mana, sai sun tashi mu shiga da ƙarfe biyu. Manyan mata da zannuwansu suna zaune gwiwa kusa da ƙirji, babu wadda ta damu. Shekarata goma sha uku lokacin, watanmu biyu da barin Jos, ni da Mamana kaɗai, don Babana ya rasu. Ni ba mai magana ba ce, kallo ne nawa. A makaranta burina ɗaya, kada kowa ya lura da ni.

Bayan shekara biyu ciwon ƙoda ya kwantar da Mama, ta bar aikin nas, aka sa ta wankin ƙoda sau uku a mako. Kamar yadda ake yi a gida, matan zumunta suka zo gaisuwa, su goma sha ɗaya cikin zane iri ɗaya, da kulolin tuwo da tulun kiɗa da caki. Suka cika ɗan falonmu da waƙa har Mama ta tashi zaune tana tafi. Amma a gidan da ke ƙasan namu a benen akwai wata 'yar ajinmu, duk ta ji. Ranar Litinin a motar makaranta ta riƙa buga jakarta tana kwaikwayon muryoyinsu, kowa na dariya. Nan na ƙudura a raina matan nan ba za su sake zuwa gidanmu ba.

Wayar Mama a hannuna take saboda kiran asibiti. Da uwar zumunta, wato shugabar matan, ta kira ta ce za su dawo ran Asabar, sai na ce likita ya hana baƙi da surutun waya. Ta yarda, don wa zai zaci ƙarya daga yarinyar da ko ido ba ta ɗagawa? Duk mako tana kira, ina cewa da sauƙi, ina share kiran. Abincin da suke ajiyewa a bakin ƙofa kuwa, na ce wa Mama daga asibiti ake aikowa. Ni ma na daina zuwa coci don kada a yi mini tambaya, addu'a kuma ta gagare ni.

Ina ganin abin da nake yi mata. Duk Asabar sai ta sa na goge mata zanen zumuntarta, ta ɗora a hannun kujera, in an taɓa ƙofar maƙwabta ta ɗaga kai. Wata na uku ta daina cewa a goge. Ta daina waƙa, ta daina albarkar abinci. Wata Juma'a motar asibiti ta zo, ta ce ba za ta je ba. Na durƙusa ina roƙo, ta ce shekara ashirin tana bin gidajen marasa lafiya, yau nata ya zo babu ko mutum ɗaya, to a kan me za ta ci gaba da wahalar da jikinta. Asabar ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Lahadi da safe numfashinta ya fara nauyi, ta ce ran Litinin ma kada motar ta zo.

'Yan uwana matasa da ke ƙasar waje, wannan ne ya sa na rubuto. Dariyar motar makaranta kwana biyu ta yi aka manta, ni kuwa na kusa biyanta da ran uwata. Mutanen nan da muke jin kunyar zannuwansu da muryoyinsu, su ne danginmu a nan, kuma ta hannunsu Allah yake riƙe iyayenmu. Tun daga lokacin ban sake wasa da zuwa sujada a coci ba. Mama ta koma asibiti, ta ƙara shekara shida tare da mu, amma wata ukun nan ba zan iya mayar mata ba.

A Lahadin nan da numfashin Mama ya yi nauyi na hau bas ni kaɗai zuwa coci, na isa ana addu'ar rufewa. Na tare uwar zumunta a bakin ƙofa, na faɗi komai ina kallon yatsun ƙafarta. Da na gama, ta ce, "'Yata, me kike so mu yi?"

Na ce, "Mama, don Allah ku zo yanzu, kada ku bari sai gobe. In mun isa ku tsaya a bayana, ni zan gaya wa Mamana da bakina."